Daga Dokin Kara Zuwa Dokin Kilisa: Shekarun Mutum da Abin Hawansa na Farko

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin Zazzau ya san dokin kara. Da zarar an girbe dawa an tara kara a bakin gona, sai yara su zaɓi mai kauri, su lanƙwasa kansa, su ɗaura masa tsumma a matsayin linzami, su haye suna sukuwa a lungunan gari. Yaron da ke kan wannan kara bai wuce shekara biyar ko shida ba, amma tuni ya gane cewa akwai hawan da ake yi don jin daɗi kawai, ba tare da an nufi gona ko kasuwa ba. Bahaushe yana da sunan irin wannan hawa tun da daɗewa, watau kilisa.

Shin yaron nan na Dandamisa ko Hunƙuyi ko Ikara, shekara nawa zai yi a duniya kafin ya mallaki abin hawan kilisa na gaske da kuɗin guminsa? A wane hali kuma jikinsa da ƙwaƙwalwarsa za su kasance a ranar da ya saya? Wannan maƙala za ta nuna cewa abubuwa biyu ne suke yanke hukuncin, watau girman jiki da girman aljihu, kuma ba tare suke tafiya ba. A tazarar da ke tsakaninsu ne ake asarar rayukan samari masu yawa.

Motar Shaƙatawa a Amurka

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa domin yawon shaƙatawa kaɗai. A cikinta akwai gado da madafa da makewayi, ta yadda magidanci zai ɗebi iyalinsa su yi makonni suna zagaya dazuzzuka da bakin teku ba tare da sun kama ɗaki a ko'ina ba. Wasu masu injin kansu ne, wasu kuwa ɗaki ne mai tayoyi da ake ja da wata motar. Mafi yawansu ana ƙera su ne a jihar Indiyana, musamman a kewayen garin Elkhart.

 Wani bincike da masu wannan sana'a suka fitar a shekarar 2021 ya nuna cewa gidaje miliyan 11.2 ne suka mallaki irin wannan mota. Idan aka jera masu su daga ƙarami zuwa babba, na tsakiyar layi ɗan shekara 53 ne, kuma 'yan shekara 18 zuwa 34 ba su wuce kashi 22 cikin ɗari ba. Dalilin a bayyane yake. Mota ce mai tsada wadda ba ta kawo ko kwabo, saboda haka galibi sai wanda ya gama biyan bashin gida, 'ya'yansa suka tasa, ya kuma sami lokacin kansa, shi ne yake iya sayenta.

A ƙasar Hausa ba a san wannan mota ba, amma an san matsayinta sarai. Abin da ya riƙe wannan matsayi shekaru aru-aru shi ne doki.

Matakan Hawa a Ƙasar Makarfi

Dandamisa tana cikin Ƙaramar Hukumar Makarfi, wadda ta yi iyaka da Kudan da Ikara. Yanki ne na fadamu, ya kuma yi suna wajen noman rake da tumatir da barkono, baya ga dawa da masara. A irin wannan wuri kuɗi ba sa zuwa wata-wata kamar albashi. Sukan zo ne a dunƙule, lokacin da aka sare rake aka loda shi a manyan motoci, ko aka kwashe kwandunan tumatir. Saboda haka sayen abin hawa yana bin kakar amfanin gona, shekarun mai saye kuma suna bin lokacin da ya fara noma gayaunarsa ko ya fita daga gandun mahaifinsa.

Matakin farko bayan dokin kara shi ne keken haya. Yaro ɗan shekara goma ko sha biyu yakan tara 'yan kuɗinsa ya kai wa mai haya, ya zagaya gari har lokacinsa ya cika, sau da yawa da ƙafa ɗaya zure ta ƙarƙashin sandar keken saboda bai kai sirdi ba. A zamanin da, mallakar keke kuwa sai magidanci. Keken Raleigh, wanda kamfaninsa ya taɓa kafa masana'anta a Kano, abin alfahari ne da ake yi wa ado da madubai da fitila, ana goge shi kullum safe.

Mataki na biyu shi ne babur. A 1975, lokacin da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, malaman makaranta da ma'aikatan gona da yawa suka sayi Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa. Waɗannan mutane ne masu iyali, kuma babur a wurinsu kadara ce da ake lallaɓawa. Al'amarin ya canja tun daga ƙarshen shekarun 1990, sa'ad da babura masu araha irin su Jincheng daga Sin, daga baya kuma Bajaj daga Indiya, suka cika kasuwanni. Daga nan sai ya zama saurayin da bai yi aure ba, idan rakensa ya yi kyau shekara ɗaya ko biyu, yana iya shiga Zariya ya fito da sabon babur. Da safe babur ɗin na aiki ne: ya kai taki gona, ya ɗauko fasinja. Da yamma kuwa, ko ranar ɗaurin aure da rakiyar amarya, sai ya koma abin kilisa, a jeru ana tsere ana nuna bajinta.

Mataki na ƙarshe shi ne doki, wanda har gobe yawanci sai mutum ya manyanta ya kuma yi ƙarfi yake ɗaure nasa, in ba ɗan gidan sarauta ba ne da ya buɗe ido ya tarar da barga.

Dalilin da Ya Sa Doki Yake Zuwa a Makare

A wannan yanki an san dokin aiki, wanda ake ɗaura wa sandar injin matse rake yana zagayawa ana dafa mazarƙwaila. Wannan yana ciyar da kansa. Dokin kilisa kuwa ci kawai yake yi, kuma ilmin halittar dabbobi ya bayyana yawan cin nasa. Doki yana bukatar abincin da ya kai kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyin jikinsa a kowace rana. Idan aka ɗauka nauyinsa kilo 300 ne, to zai ci kilo 6 na harawa da ingirici da dusa da dawa a yini, watau fiye da tan 2 a shekara, ban da kanwa da magani. Ruwan shansa yakan kai lita 20 zuwa 40 a rana, ya kuma fi haka da bazara.

Bugu da ƙari, tumbin doki ƙarami ne idan aka gwada da girman jikinsa, ba ya tuƙa kamar saniya, kuma ba ya iya amai. Dole a riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, in ba haka ba ciwon ciki ya kama shi, wanda yakan kashe doki cikin kwana ɗaya. Ashe ke nan mai doki yana bukatar rumbu cike da kuma yaron da zai tsaya a kan dabbar dare da rana. Babur idan aka kashe shi aka jingine ya daina cin kuɗi, amma doki ko an shekara ba a ɗaura masa sirdi ba sai ya ci. Tunda doki yakan rayu shekara 25 zuwa 30, wanda ya saya ya ɗauki nauyi mai tsawo. Shi ya sa dillalai suke buɗe bakinsa kafin ciniki: haƙoran gaba na dindindin sukan fito bibbiyu sama da ƙasa a shekara biyu da rabi, da uku da rabi, da huɗu da rabi, ta yadda a shekara biyar baki ya cika.

Don haka mahayin da aka gani ya yi ado a Hawan Sallah ko Hawan Daushe a birnin Zazzau a kan dokin kansa, tamkar Ba'amurken nan ne mai motar shaƙatawa. Dukansu biyu sun jira har aljihu ya nuna. Babur mai araha shi ne ya karya wannan tsohon tsari, ya miƙa wa saurayi gudun da ya fi na ingarma tun kafin jikinsa ya gama shiri.

Ƙwaƙwalwar Saurayi

Yaro ɗan shekara shida ƙwaƙwalwarsa ta riga ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari na girman ta babba. Wannan ya sa masana suka daɗe suna zaton aikin gininta yana ƙarewa tun ana ƙuruciya. A 1999 wani likita mai suna Jay Giedd da abokan aikinsa a Amurka suka buga sakamakon hotunan ƙwaƙwalwa da suka riƙa ɗaukar yara guda shekara bayan shekara, sai ga shi gyare-gyare suna ci gaba har bayan balaga. Gyaran iri biyu ne. Na farko, ana rage mahaɗan jijiyoyin da ba a amfani da su, kamar yadda manomi yake rage tsiron da ya yi cunkoso a rami domin sauran su yi ƙarfi. Na biyu, wani farin kitse yana lulluɓe zaren jijiyoyi kamar robar da ke jikin wayar lantarki, abin da ke sa saƙo ya riƙa gudu da sauri. Wannan aiki yana farawa ne daga ƙeya ya nufo goshi, kuma sashen da ke bayan goshi ba ya kammala sai wajen shekara 25, ko da yake mutane sun bambanta.

Sashen goshin nan shi ne linzamin mutum. Shi yake auna abin da zai biyo baya, ya tsara shiri, ya kuma danne son zuciya. An fara fahimtar haka tun 1848, lokacin da wani ƙarfe ya huda goshin wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka mai suna Phineas Gage. Mutumin ya rayu, yana tafiya yana magana, amma likitansa ya rubuta cewa natsuwarsa da haƙurinsa sun gushe.

A can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa kuma akwai sashen da ke sa mutum jin daɗi idan ya ci nasara ko ya gwada sabon abu, wanda yake aiki da wani sinadari mai suna dofamin. Shi wannan sashe da wuri yake farkawa, tun farkon balaga, kuma a shekarun samartaka ya fi kowane lokaci zafi. Ma'ana, tsakanin shekara 14 zuwa 20 da 'yan kai, ingarman ya riga ya ƙoshi, linzamin kuwa ba a gama ƙera shi ba. Hikimar wannan tsari ita ce, son gwada sabon abu shi ke fitar da matashi daga gindin uwa ya koyi sana'a ya nemi na kansa. Sai dai a da iyakar gudunsa shi ne na ƙafarsa ko na keke.

Idon Abokai

Malamai da iyaye sun sha mamakin yadda yaro mai hankali a gida yake zama wani daban idan ya shiga cikin tsaransa. A 2005 wasu masana biyu na Jami'ar Temple da ke Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, suka gwada wannan a kan mutum 306 da aka kasa gida uku: 'yan shekara 13 zuwa 16, da 'yan 18 zuwa 22, da kuma masu 24 zuwa sama. An ba kowa wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda ci gaba da gudu bayan fitilar gargaɗi yake ƙara maki amma yana iya jawo karo. Wasu sun yi wasan su kaɗai, wasu kuma a gaban tsaransu biyu. Kasadar da 'yan rukunin farko suka yi ta ninka a gaban abokai, ta rukuni na biyu ta ƙaru da kusan rabi, ta manya kuwa ba ta canja sosai ba. Binciken da ya biyo baya a 2011 ya nuna cewa sanin abokai suna kallo kaɗai ya isa ya ƙara zafin sashen jin daɗin nan a ƙwaƙwalwar matashi.

Duk wanda ya taɓa ganin rakiyar amarya a kan babura ya ga wannan gwaji a fili. Saurayin da ya kai mahaifiyarsa asibiti da safe a hankali, shi ne da la'asar yake sakin hannu ko ya miƙe tsaye a kan babur. Ba ya rasa sanin haɗarin. Idan aka tambaye shi a aji zai lissafa shi tsaf. Idon jama'a ne yake sa daɗin abin ya rinjayi tsoronsa.

Lissafin Faɗuwa

Ɗaliban kimiyya sun san cewa ƙarfin da abu mai gudu yake ɗauke da shi yana ƙaruwa ne da gudun sau kansa. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ya ninka huɗu. Wanda ya yi karo yana gudun kilomita 30 a sa'a kamar ya faɗo ne daga tsawon mita uku da rabi, watau daga kan soro. A gudun kilomita 60 kuwa, kamar ya faɗo ne daga mita 14, kusan bene mai hawa biyar. Haka nan kuma, a wannan gudu babur yana cin kusan mita 17 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kimanin daƙiƙa ɗayan ce mahayi yake bukata tsakanin ganin akuya ta shigo hanya da taka birki. Wanda ya waiwaya na daƙiƙa biyu don ya ga ko abokai suna kallonsa ya yi tafiyar mita 33 a makance.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Maza sun ninka mata kusan sau uku a cikin mamatan, nahiyar Afirka kuma ita ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'arta. Nazarin da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna cewa hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. A Nijeriya doka ba ta ba da lasisin tuƙi ga wanda bai kai shekara 18 ba, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009.

Samari da yawa suna ganin sa hular kwano alamar tsoro ce. Tarihi bai goyi bayansu ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Barade da 'yan lifida, waɗanda ba wanda ya isa ya kira su ragwaye, ba sa fita fagen fama da kai a buɗe.

Jikin Dattijo

Wanda ya jira har ya kai shekara 50 kafin ya ɗaure dokinsa ya tsira daga haɗarin ƙuruciya, amma shi ma yana da nasa lissafin. Ƙashin mutum yakan kai iyakar ƙwarinsa wajen shekara 30, daga nan kuma tsoka takan riƙa raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, musamman ga wanda ba ya motsa jiki. Daga shekara 40 zuwa 45 ƙwayar ido takan fara taurarewa har karatun kusa ya yi wuya, kuma hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ɗan shekara 20 ba, abin da ke sa hawan almuru ya zama haɗari. Kan mahayin doki yana sama da ƙasa da fiye da mita biyu, doki kuma yana iya wuce kilomita 40 a sa'a idan ya yi sukuwa. Faɗuwar da saurayi zai tashi ya kakkaɓe riga, ita ce za ta karya ƙugun dattijo ta kwantar da shi watanni. Saboda haka wanda ya fara hawa da girma ya kamata ya nemi horarren doki mai sanyin hali, ya bar duƙushi ga masu horo, ya kuma sa a duba idonsa da hawan jininsa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mai karatu zai ga cewa sha'awar hawa tana kai ƙololuwa tun kafin shekara 20, natsuwar ƙwaƙwalwa tana cika wajen 25, ƙarfin jiki yana fara ja da baya bayan 30, yalwar da za ta riƙe doki kuwa galibi sai bayan haka take zuwa. A da tsadar abin hawa ita take tsare saurayi har hankalinsa ya cika. Yanzu da kuɗin rake na kaka ɗaya suke iya sayen babur, wannan tsaro ya koma wuyan mutane.

Uban da zai saya wa ɗansa babur ya kamata ya jira ya cika shekara 18, ya haɗa masa da hular kwano a ciniki ɗaya, ya kuma hana shi ɗaukar abokai da hawan dare da shiga jerin rakiyar amarya a shekararsa ta farko, tunda an ga cewa a gaban tsara ne kasada take ninkawa. Malaman kimiyya a makarantun Makarfi da Kudan da Ikara suna iya fitar da ɗalibai filin wasa su auna mita 17 da igiya, kowa ya ga da idonsa tafiyar daƙiƙa ɗaya. Shi kuma ɗalibi ya sani cewa zumuɗin da yake ji idan abokai suka zuba masa ido ba aibu ba ne, matakin girma ne da kowa ya bi ta kansa, kuma yana wucewa. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Yaron da ya hau dokin kara a Dandamisa yana da damar ɗaure ingarma a ƙofar gidansa wata rana, muddin ya kai kansa lafiya zuwa shekarun da hakan yake yiwuwa.